Arzika, Mai Tsaron Buhu na Biyu

Arzika ya rasu.

Da hantsin nan labarin ya iske ni. Ina zaune bakin ƙofa da kofin koko a hannu, salula ta yi ƙara, na duba na ga lambarshi. Na ɗauka ina dariya, har na ce, "Gajere, yau ka tuna da talakawa?" Sai na ji muryar mace tana rawa. Hadiza ce, babbar ɗiyarshi.

Ta ce, "Baba Dogo, sai haƙuri. Baba ya cika kafin asuba. Yanzun nan anka dawo daga kai shi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har an kai shi. Ni ina nan Yamai, shi yana Bazaga, ko sallarshi ban samu ba. Kokon na nan inda na aje shi, ƙudaje sun gaje shi. Tun ɗazu nake rubuta wanga saƙo a shafina ina sharewa, in rubuta in share. Wannan karon ba ni sharewa. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri da tsoho.

Waɗanda sunka san kasuwar Konni sun san shi. Gajeren mutum mai amalanken jaki, mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda ke shigo da wake da gero daga Bazaga yana yi wa jakinshi faɗa kamar ɗan da ya haifa. Arzika Gurgu kowa ke ce mishi, yana amsawa da fara'a.

Ni na san shi da ƙafa biyu miƙaƙƙu. Kuma wallahi a zamaninmu duk ƙasar Konni ba a yi mai saurin ƙafarshi ba.

Bari in faɗa muku inda ƙafar ta tafi.

Muna samari, wajen ƙarshen shekarun sittin, anka kawo wani bature Ba'amurke yana koyar da Ingilishi a lakwal ɗin Konni, wato makarantar boko. Ya zo da wani wasa na ƙasarsu. Shi sofbol yake cewa, mu munka sa mishi ƙwallon kulki. Ana aje buhu uku a fili, wurin bugu ya zama kusurwa ta huɗu. Mutum ya bugi ƙwallo da kulki ya sheƙa zuwa buhu na fari. In ƙwallon ya riga shi isa hannun mai tsaron buhun, an fitar da shi ke nan, ya koma ya zauna. In kuma akwai wani tsaye a buhu na fari lokacin da anka buga, dole ya tashi ya nufi na biyu, yana so ko ba ya so, don na bayanshi na tafe. Ba tsayawa, ba komawa.

Da baturen ya tashi tafiya, ya bar wa Mushe Alu kayan wasan, kulki biyu da ƙwallaye da safar hannu ta fata. Mushe Alu shi ne babban malamin lakwal, ya haura hamsin a lokacin. Mushe muke ce wa malamai, irin na Faransanci. Yara sunka koma wa balo, ƙwallon ƙafa, abinsu. Abin dariya, dattawa ne sunka riƙe wasan, don tsayuwa ta fi gudu yawa a cikinshi. Malaman lakwal, masinjan buro, wato ofishin gwamnati, mai allura na dispansar, da wani tsohon soja da bai taɓa yarda an fitar da shi ba sai an yi rantsuwa. Duk Lahadi da la'asar su naɗe riguna su fito filin bayan lakwal. Masu wucewa su ce ga tsofaffin can sun fara abin nasu.

Tsofaffin buhunan gero muke cikawa da rairayi. Safa in ta mutu, baduku ya duba ya ɗinka wata da fatar akuya.

Matsalar dattawan guda ce, bayansu ba ya lanƙwasuwa. In ƙwallo ya biyo ƙasa sai ya bi ta tsakanin ƙafafunsu suna kallo suna salati. Shi ya sa Mushe Alu ya ɗauko mu biyu, ni da Arzika, tsofaffin ɗalibanshi da sunka gama lakwal ba aikin yi, ya dasa mu tsakiyar fili, buhu na biyu a tsakaninmu. Ni dogo, shi gajere. Tun muna aji ɗaya a gidanmu yake zama, don Bazaga ta yi mishi nisa. Kwano ɗaya uwata ke zuba mana tuwo.

Abin da Mushe Alu ya koya mana shi ne dattawan ke kira tagwaye, wato fitar da mutum biyu da bugu guda.

Ga yadda ake yi. In akwai mai gudu a buhu na fari, sai mu matso taki biyu kusa da buhu na biyu. Arzika ya taɓa hularshi, ma'ana shi ke da buhu. In ƙwallo ya biyo ƙasa wajena, in tare shi, kafin ma in miƙe in cilla mishi daga ƙasa. Shi ya riga ya iso, ƙafar hagu bisa buhu. Da ya cafe, mai tahowa ya fita. Sai ya yi tsalle gefe, ya juya, ya harba zuwa buhu na fari, wanda ya yi bugun shi ma ya fita. Kafin dattijo ya gama tattare rigarshi an gama da su su biyu.

Kai, da kun ga Arzika a juyawar nan! Kamar an murza mazari.

Dokokin Mushe Alu kaɗan ne, amma kullum sai mun sha su. "Dogo, buhu za ka jefa ma, daidai ƙirji, ko ba ka ga kowa ba. Gajere na isowa." Wani lokaci ya daka tsawa, "Na fari tukuna! Ku gama da mutum na fari kafin ku tuna da na biyu!"

Akwai wadda ta fi duka. Ya kan kama kafaɗata ya juya ni in dubi Arzika, ya ce, "Dube shi da kyau. Idonshi na hannunka, bayanshi na wajen mai gudu. Bai ganin abin da ke zuwa mishi. In ƙwallo ya kuɓuce maka, ko ka ga ba ka iya jefawa da wuri, ka ce kauce! Da ƙarfi, duk fili ya ji. Kai kuma Gajere, ba ka ɗaga ƙafa daga buhu sai ka ga ƙwallo ko ka ji kauce. Kun ji ko?"

Mun ji. Shekara huɗu muna yi, ban taɓa fashin faɗar kalmar nan ba in ta kama, shi kuma bai taɓa ɗaga ƙafa ba tare da ya ji ta ba.

Sai shekarun fari sunka shigo. Wanda ya ga farkon shekarun saba'in a ƙasarmu ba sai na ba shi labari ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe. Awakin uban Arzika sunka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Duk saurayin da ka gani idonshi na bisa hanya, yana neman ta inda zai fita.

Anka ce za a ɗauki jandarma. Tare munka je munka ba da suna, munka yi gudu, likita ya duba mu, munka zauna jarrabawa. Munka yi alkawari duk wanda ya fara jin labari zai faɗa wa ɗan'uwanshi.

A wurin mai shayi na ji. Wani ya ce, "Dogo, ashe abokinka ya ci? Mutum biyu anka ɗauka, shi da wani ɗan Illela. Kai ne na uku, an ce ka jira." Ashe kwana huɗu ke nan Arzika ya sani. Har kawunshi ya sa an yi mishi akwatin ƙarfe, an rubuta sunanshi da fenti a murfi. Kwana huɗu muna sa hannu kwano ɗaya bai ce mini uffan ba.

Yanzu na gane nauyi ya ji, bai san ta inda zai faro ba. A lokacin ban ga haka ba. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba ɓoyewar ce ta fi ci mini rai ba. Hassada ce. Shi zai fita, ni in zauna. Gajeren da sai da ya miƙe wuya sannan ya kai tsawon da ake so!

Nan take, gaban duk masu shan shayi, na rantse ba ni ƙara ce mishi ko kanzil har ya bar garin.

Ya zo ya same ni da maraice ya ce, "Dogo, tsaya ka ji." Na tashi na bar mishi wurin. Kashegari ya sake, na kau da kai. Uwata ta yi faɗa har ta gaji, ta koma zuba mana tuwo kwano biyu. Kun san gabar samari, kowa na kallo ya ga ranar da za ka karya.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarshi, dattawan Malbaza sunka zo cikin kamiyo, babbar motar kaya, don a kara, su ma sun koyi wasan wurin Mushe Alu. Fili ya cika. Duk motsin da Arzika ya yi sai a ɗauka, "Jandarma! Jandarma!" Ni kuwa kowane kira kamar an watsa mini barkono a ido.

Cikin mutanen Malbaza akwai Baba Kalla, direban babbar mota. Ƙaton mutum ne, mai kirki, amma in ya ɗauki gudu ba ya iya tsayawa sai ya wuce buhu da taki biyar. Kowa ya san haka. Ni ma na sani.

Baba Kalla na tsaye a buhu na fari. Munka matso taki biyu. Arzika ya dube ni ya taɓa hularshi kamar kullum, na yi kamar ban gani ba. Anka buga. Ƙwallo ya biyo ƙasa ya shigo safata lafiya lau, ko tsalle bai yi ba. Ban taɓa samun mai sauƙinshi ba. Arzika ya iso, ƙafar hagu bisa buhu, hannu biyu buɗe daidai ƙirji, idonshi na hannuna.

Na riƙe ƙwallon.

Allah ne shaidata, ban nufi ƙafarshi ba. So nake ya makara, tagwayen su lalace, masu kiran jandarma su yi mishi dariya ko sau ɗaya. Iyakar niyyata ke nan, ita ma ba mai kyau ba ce. Sai na hango Baba Kalla ta saman kafaɗarshi, ya sunkuyar da kai yana tahowa. Kalmar kauce ta zo mini har bisa harshe. Sai na tuna na rantse gaban mutane ba ni yi mishi magana, ga su can bakin fili suna kallo.

Ƙiftawar ido ce. Ban jefa ba, ban ce kauce ba. Shi kuma ya tsaya, don haka anka koya mishi, kuma bai taɓa zaton zan bar shi a wurin ba.

Da na jefa, tare ƙwallon da Baba Kalla sunka isa.

Ƙarar da ƙashin ya yi, har yau in anka karya kara kusa da ni sai in sake jin ta.

Mutane sunka ce ƙwallon ne ya maƙale a ɗinkin safa. Wani ya zagi baduku. Wasu sunka ce Baba Kalla ne ba shi da birki. Ni ina tsaye ina kuka ana yi mini sannu, wai in yi haƙuri ba laifina ba ne. Na karɓi sannun. Mushe Alu ya ɗauki safata ya jujjuya ta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya dube ni. Ran nan ya tattara kulki da ƙwallaye ya ɗaure su cikin buhu. Ba a ƙara buga wasan a Konni ba.

Anka kai Arzika Bazaga wurin maɗori. Karaya biyu ce ƙasan gwiwa. Ta ɗoru, amma a karkace, kuma ta gajarce.

Ba a yi mako ba masinjan buro ya yi sallama gidanmu da takarda. Na uku ya zama na biyu.

Uwata ce ta kora ni Bazaga, ta ce in na bar ƙasar ban je na yi mishi sallama ba, ba ta yafe mini ba. Na iske shi kwance bisa tabarma a zaure, ƙafa ɗaure da karare. Na tsaya bakin ƙofa kamar an kafe ni. Shi ya fara magana.

"Dogo, gabar ta isa hakanan. Shigo."

Na shiga. Ya nuna mini lungu da haɓa. Akwatin ne, shuɗi, an rubuta ARZIKA da farin fenti a murfi.

"Ɗauki. Kada ka tai da kaya ƙunshe cikin tsumma ka ba mu kunya. Ka goge sunan in ka so."

Nan ya kamata in faɗa. Ba kowa a zauren sai mu biyu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode."

Ban goge sunan ba. Shekara talatin da wani abu akwatin nan na bina, Damagaram, Agadas, Difa, Gaya, duk inda anka tura ni. Wasu abokan aiki har Arzika suke kirana, ina amsawa. Yanzu haka yana ƙarƙashin gadona, ina hango gefenshi daga inda nake zaune.

Shi kuwa bai ƙara wuce Konni ba. Bazaga, kasuwa, Bazaga. Gonar da ta kasa ciyar da su lokacin fari ita ya koma yana nomawa yana jan ƙafa. Mutumin da tun muna aji ya haddace garuruwan taswira, yana cewa shi sai ya ga teku da idonshi.

Abin da ya fi kashe ni shi ne alherinshi.

Uwata ta tsufa ina can nesa. Shi ke kawo mata itace da harawar akuyarta duk ranar kasuwa, ya zauna ta yi mishi ƙorafina ya ba ta haƙuri. Ranar da ciwo ya kayar da ita, shi ya shimfiɗa mata tabarma a amalanke ya kai ta dispansar, yana tafe ƙasa da ƙafar nan yana riƙe da jakin don kada ya girgiza ta. Da ta rasu, kafin labari ya iske ni shi ya tsaya kan komi.

Duk kaka sai wake ya iske ni a tashar mota, da saƙon baka: "A ce ma Dogo ya ci, jandarma ba su noma."

Da anka haifa mishi ɗa namiji na fari na zo suna. Liman ya raɗa, anka ce Shaibu. Sunana ke nan. Mutane na ta yi mini barka, ni kuwa na zagaya bayan danga na zauna kamar wanda anka yi wa duka.

Ban ce ban yi mishi komi ba. Da jakinshi ya mutu na kawo wani. Na ɗauki Shaibu na riƙe shi gidana na sa shi lakwal har ya gama. Kowa na cewa ba a taɓa ganin aboki irin Dogo ba. Duk wanda ya faɗi haka sai in ji ya ƙara mini ɗauri. Ta yaya mutumin da ake nunawa ana cewa ku yi koyi da shi zai tashi ya ce, jama'a, ni na karya shi?

Ga kuma Baba Kalla. Bawan Allah nan har ya koma ga Allah yana ganin shi ya nakasa ɗan mutane. Duk shekara sai ya aje motarshi bakin hanya ya tako har gida ya duba ƙafar, ya zauna yana share ido da hula. Arzika na ce mishi, "Baba, ƙaddara ta, bari kuka." Na taɓa iske su haka. Na gaishe su, na zauna, anka kawo fura na sha.

Shekarar da zan tafi Makka na zagaya dangi neman gafara kamar yadda ake yi. Tun daga mota nake cewa yau kam sai na faɗa. Na iske shi yana liƙin tayar amalanke. Na ce, "Gajere, ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka."

Ya ɗago yana dariya. "Wanne ciki? Suna da yawa fa."

Shi da kanshi ya ba ni hanya. Sai na yi dariya ni ma, na ce duka. Ya ce ya yafe duka, in sa shi a addu'a can. Na je, na sa shi, na dawo da abina a ƙirji yadda na tafi da shi. Ya yafe abin da ban faɗa mishi ba, ban ji an sauke mini komi ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan Babbar Sallar da ta wuce ne. Na sauka Konni na hau kabu-kabu zuwa Bazaga. Na iske shi gindin dogon yaron ƙofar gida, ya miƙe ƙafar bisa wani buhu don yanzu ba ta lanƙwasuwa sam. Ya rame ƙwarai. Amalanken ya koma hannun ɗiyanshi, jakin na ɗaure kusa da shi yana cin harawa.

Munka daɗe muna hira. Ya tuno Mushe Alu, ya kwaikwayi muryarshi, "Na fari tukuna!" har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Walle Dogo, mun iya abin nan. Da ƙwallo ya taɓa hannunka ni na san ya iso." Na ce haka ne. Na tambaye shi ruwa ya yi ko bai yi ba, don in kau da zancen.

Da na miƙe zan tafi sai ya riƙe bakin rigata.

"Zamna. Shekara nawa kana zuwa garin ga da magana a baki kana komawa da ita? Ina ganinka. Mi na ne? Faɗi, ba kowa nan sai jaki."

Jama'a, na haura saba'in. Na kama ɓarayi, na tsaya gaban manya ban ji ɗar ba. Amma na dubi tsohon nan mai karkatacciyar ƙafa na ce, "Ba komi, Gajere. Tsufa ne."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki rigar.

"To. Ran da ka shirya ina nan. Ina za ni da wagga ƙafa?"

Maganarshi ta ƙarshe gare ni ido da ido ke nan. Na hau mashin ina cewa a raina in na dawo da kaka zan faɗa. Bayan nan mun gaisa a salula sau biyu, zancen damina kawai. Ga shi ko gero bai nuna ba.

Ban sani ba ko ya sani. Idonshi na hannuna ran nan, ba wanda ya fi shi ganin hannun. Wataƙila ya gani tun a fili ya haɗiye, shekara hamsin yana jiran in faɗa da bakina. Wataƙila kuma ya tafi yana zaton safa ce. Na juya ta nan na juya ta can, kowace ta fi wata ciwo. Wanda zai raba mini gardamar an rufe shi da hantsin nan.

Na san wasu za su ce, Baba, mi ya kai ka tona wannan a nan gaban duniya, ranar rasuwa? Don na san halina ne. In na bari sai na isa Bazaga, zan zauna bisa tabarmar makoki a ce ga babban amininshi, a yi mini sannu, in karɓa in dawo, kamar yadda na karɓa a fili ran nan. Hadiza na karanta shafin nan. Takwarana Shaibu na karantawa. Yanzu ba ni da ta inda zan zille.

Hadiza, Shaibu, da ƙannenku, ku karanta wa innarku. Ƙafar babanku ba ɗinkin safa ba ne, ba Baba Kalla ba ne. Ni ne. Ƙwallon na hannuna lafiya lau na ƙi jefawa, na ga abin da ke zuwa na ƙi cewa kauce. Aikin da na yi har na aje, da gidan da ka girma ciki, Shaibu, hanyar babanka ce na bi. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo motar safe, zan zo da akwatin. Duk abin da kunka ga dama ku faɗa mini, zan tsaya in ji.

Iyalan Baba Kalla na Malbaza, in akwai mai gani cikinku, tsohonku ba shi da laifi. Na bar shi ya yi kukan da ba nashi ba. Ku ma ina neman afuwarku.

Ya Allah, ga bawanka Arzika ya iso gare ka. Ka fi kowa sanin yadda ya ɗauki abin da ya same shi bai taɓa ɗora wa kowa ba. Ka jiƙan shi, ka yafe mishi, ka yalwata mishi kabari ka haskaka shi. Ka tashe shi da ƙafa biyu miƙaƙƙu, ka shigar da shi Aljanna ya zaga iyakar son ranshi. Ka jiƙan Mushe Alu da Baba Kalla da uwata. Ka ba iyalinshi haƙurin rashi.

Kai da ka karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Tsaya ka yi mishi Ƙulhuwallahu ko sau uku, ka ce Allah ya jiƙan Arzika na Bazaga.

Ni kada kowa ya rubuto mini sannu, wadda na karɓa ba tawa ba ta ishe ni. In za ku sa ni a addu'a, ku roƙa mini Allah ya sa gobe, gaban ɗiyanshi, bakina ya buɗe.